Hular da ta naɗa ni koci a Jamus

Bajamushe bai san maganar fatar baki ba. A wurinmu idan mutum ya tashi a taro ya ce "ai wannan abu ba baƙona ba ne," kowa ya san cika baki ne irin na yau da kullum, a gyaɗa kai a wuce. A nan kuwa akwai wata mata a ƙarshen teburi da biro a hannu, aikinta ke nan ta rubuta duk abin da ya fito daga bakinka, da kwanan wata, da ƙarfe nawa.

A watan Janairu ne, a taron shekara na wani ɗan kulob ɗin besbol a wani gari tsakanin Kolon da Duseldof. Ɗana ne ya haɗa ni da su, ya shiga rukunin yara saboda abokinsa na aji yana ciki. Ni direba ne kawai, in kai in ɗauko. Taron ma don na ji za a yi maganar ƙarin kuɗin wata na je, in ga ko za a samu ragi. A Jamus mutum bakwai sun isa su yi wa ƙungiya rajista, amma da zarar an yi, to sai shugaba da ma'aji da magatakarda da tsarin mulki da ajanda mai lamba-lamba. Lamba ta shida a ajandar ranar ita ce kocin manya, wani Ba'amurke tsohon soja, ya tattara ya koma ƙasarsu, ga shi kakar wasa za ta fara a Afrilu. Aka yi tsit. Kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin kofin gabansa.

Sai shugaba ya ɗago ya hangi jar hular da ke kaina mai harafin C. Ya ce, "Cincinnati?" Na ce ƙwarai, ai a jihar Ohayo na yi digirina na biyu. Wannan gaskiya ne. Na ma taɓa shiga filin Reds, kulob ɗin besbol na garin, lokacin da aka raba wa ɗalibai baƙi tikiti kyauta. Na ci gyaɗa mai ɓawo, na yi gyangyaɗi, da jama'a suka miƙe tsaye a tsakiyar zagaye na bakwai don miƙe ƙafa kamar yadda al'adar wasan take, na zaci an tashi, na kama hanyar mota. Hular kuwa a kantin gwanjo na saya don rufe sanƙo. Amma da na ga idanu sun dawo kaina, sai wani abu ya hau ni. Na gyara zama, na sanar da taro cewa a Cincinnati aka fara kafa kulob ɗin da duk 'yan wasansa ke karɓar albashi, a 1869. Iyakar jarina ke nan, na juye shi gaba ɗaya, na ɗora da cewa wasan ba baƙona ba ne. Da aka tambaye ni ko zan karɓi aikin, na ba da amsar da duk ɗan mutunci ke bayarwa idan yana nufin a'a: zan duba in gani. Aka ɗaga hannuwa. Matar ta rubuta.

Da na kai wa uwargida labari, ta ajiye ludayi ta dube ni tun daga hula har takalmi. Ta ce, "Malam, kai da ko 'yar carafke ba za ka iya ba?" Na ce mata shugabanci baiwa ce, ba sai da iyawa ba. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa mai tafiya kotu addu'a.

Lissafina a lokacin mai sauƙi ne. Jamus ƙasar ƙwallon ƙafa ce, hukumarsu kaɗai tana da mambobi sama da miliyan 7. Besbol baƙo ne. An nuna shi a gasar Olamfik ta Berlin a 1936, Amurkawa suka buga wa junansu a gaban wajen mutum 100,000, amma bai yi saiwa ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, da sojojin Amurka suka kafa sansanoni a ƙasar. Na ce to wa zai gane ni? Ashe lissafin a kife yake. Wanda ya bar wasan da ƙasa duka ke yi ya zaɓi wanda ko matarsa ba ta zuwa kallo, don so ya zaɓa, kuma ya san shi ciki da bai. Mutanen nan suna tashi ƙarfe 2 na dare su kalli wasannin Amurka. Sun haddace alƙaluman Max Kepler, ɗan Berlin ɗin da ya yi shekaru a Minnesota Twins. Suna tuƙa mota zuwa Bonn don su ga Capitals, waɗanda suka ɗauki kofin ƙasa a 2018. Mu dai a rukunin ƙarshe muke, wanda babu inda za a ƙara faɗawa daga shi, amma ilimin da ke kan bencinmu ya ishi jami'a.

Ga kaɗan daga rundunar da na gada: likitan haƙora, ɗan fosta mai shekara 57 wanda gwiwoyinsa ke sallama kafin ya tsuguna, ɗalibai uku da ba sa amsa saƙo, wani injiniya ɗan Japan daga Duseldof mai rusuna wa fili kafin ya shiga, ma'ajin kulob da kansa, da wani ɗan Benezuwela mai gyaran na'urar ɗumama ɗaki, wanda tun yana yaro a Marakaibo yake bugun murfin kwalba da sandar tsintsiya.

Atisayen hunturu a ɗakin motsa jiki na wata makaranta ake yi, da takalmin da bai taɓa taka waje ba. Na zo da usur a wuya. Babu kocin besbol da ke busa usur, amma babu wanda ya ce mini uffan. Na sa su zagaya ɗaki da gudu, na sa su tsallen kwaɗo, duk abin da na tuna malamin wasanninmu na sakandare yana gana mana. Can likitan haƙora ya ɗaga hannu cikin ladabi ya tambaya ko yau za a taɓa ƙwallo.

Ɗan Benezuwela ya wurgo mini safar cafka, wata ƙatuwar aba ta fata mai raga tsakanin babban yatsa da manuni. Na zura mata hannun dama, yadda duk wanda ya samu tarbiyya zai yi. Babban yatsa ya rasa gurbinsa. Na tura, na murɗa, na juya ta baibai, ina yi ina ba da umarni don kada a lura. Ya matso ya rage murya.

"Koci, kai bahago ne?"

Na ce a'a.

"To ta hagu ce. Da hagu ake cafkewa, dama ta zauna a sake don jifa."

Shekara arba'in da 'yan kai ana raba ni da karɓar abu da hagu. Kakata ta sha buge mini hannun nan da muciya a kan haka, har ya koyi laɓewa a bayan riga idan an miƙo abu. Yanzu a tsufa an ce shi ne zai fita gaba. Duk sanda ƙwallo ta taso, safa tana can gefe tana kallo, dama ce ke riga ta, tsirara. Ƙwallon besbol nauyinta wajen giram 145 ne kawai, amma zare ne aka naɗe tamau a kan ƙwaya mai tauri aka rufe da fata, da jan ɗinki 108. Ban ƙirga a littafi ba, a tafin hannuna na ƙirga shatinsu da dare, uwargida tana gasa mini da ruwan zafi.

Daga ranar mutumin ya gama karanta ni, amma bai tona ni ba, Allah ya saka masa. Sai ya ɗauki ɗabi'ar tsayawa kusa da ni yana magana shi kaɗai: "Da ni ne koci, da yanzu sai in ce a gwada jifa zuwa zangon farko." In bari a ɗan jima, in busa usur, in ce na yanke shawara a gwada jifa zuwa zangon farko. Idan kuwa ba ya kusa aka kawo mini tambaya, sai in haɗa gira in ce, "Kai me ka gani?" Mai tambaya ya zuba bayani, in ce madalla, haka nake so ka riƙa tunani. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya ce wannan salon koyarwa ne na zamani, ya taɓa karantawa cewa haka ake yi a Amurka. Ban musa masa ba.

Da dare ina bitar littafin dokoki. Gundarin wasan ba wuya. Mutum tara-tara ne. Mai jifa yana kan ɗan tudu, mita 18.44 daga mai bugu. Zango huɗu ne a kusurwoyin murabba'i, mita 27.43 tsakanin kowane biyu, wanda ya zagaye su ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Idan aka fitar da mutum uku sai a yi musaya, masu bugu su koma tsaro. Babu agogo, babu mintin ƙarshe, sai an gama ake gamawa. Wahalar tana cikin ƙananan dokoki, kuma sarkinsu ita ce wata da ke littafin tun 1895: idan akwai 'yan gudu a zango na ɗaya da na biyu, ba a kuma fitar da mutum biyu ba, mai bugu ya cilla ƙwallo sama a tsakar fili inda kama ta ba wuya, to ya fita, ko an cafke ko ba a cafke ba. Na karanta da Jamusanci, na karanta da Turanci, kaina ya yi zafi. Ɗan Japan ne ya warware mini da kwalaben gishiri a kan teburi, bayan na ce masa ina so in gwada fahimtarsa. Wai don kada masu tsaro su yar da ƙwallon da gangan su fitar da mutum biyu a lokaci guda. Na jinjina wa masu dokar. Wasa ne da aka halatta satar zango a cikinsa, har ana rubuta wa ɓarawo lada a takarda, amma an tsaya an haramta zamba.

A Maris aka kira aikin gayya don gyaran fili, wani kango a bayan filin ƙwallon ƙafa wanda hukumar gari ta ba mu aro. Hunturu ya bar shi da tsibi-tsibin ƙasa ko'ina, aikin wata 'yar dabba baƙa mai tono ta ƙarƙashi. A nan ne na ji na zo fagena. Na ce a samo busasshiyar ciyawa da ashana, a toshe ramuka a bar ɗaya, mu yi musu hayaƙi yadda muke yi wa gafiya. Ma'aji ya ajiye manjagara ya cire tabarau. Ya ce dabbar tana ƙarƙashin kariyar doka, kashe ta ko kama ta laifi ne mai tara, kuma yana roƙon kada a ji wannan shawara daga bakin jami'in kulob. Muka wuni muna baje ƙasa da hannu. Da safe suka mayar da gininsu.

Sai maganar kaya. A besbol koci ma rigar 'yan wasa yake sawa, har da lamba a baya. Aka ba ni farin wando mai kama jiki, da ɗamara, da doguwar safa. Na yi bincike na kawo hujja cewa Connie Mack ya jagoranci Philadelphia Athletics shekara 50 yana sanye da kwat da laƙataye, don haka ban ga abin da zai hana kaftani ba. Aka ce Connie Mack a benci yake zama, ni kuwa a gefen zango na uku zan tsaya in ba da alama, nan kuma sai da kayan wasa. Da na gwada a gida uwargida ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Malam, don girman Allah kada ka bari a ɗauki hoto."

Alamun nan su ne abin da na fi alfahari da shi, domin ni na tsara su da kaina. Koci ba ya ɗaga murya, da hannu yake magana don kada abokan hamayya su gane. Na ce taɓa hanci, a saci zango. Taɓa kunne, a dangwala ƙwallo a hankali maimakon a maka ta. Ɗan Benezuwela ya yi maganarsa ta shi kaɗai, cewa da shi ne koci da ya sa mabuɗi, wato alama ba ta aiki sai an fara taɓa bakin hula. Wannan karon na ƙi ɗauka. Na ce kada a wahalar da mutane.

Ranar buɗe kaka ta faɗo a cikin azumi, Lahadi, a gidan wani kulob mai tafiyar awa guda. Afrilun Jamus ba ya da alƙawari: rana ta leƙo, ƙanƙara ta yayyafo, iska ta biyo baya. A bakin fili an kafa teburin kek da kofi, ana gasa tsiran alade, iska kuma ta zaɓi inda nake tsaye. Shan ruwa sai bayan ƙarfe 8 na dare. Mu tara cif muka je, ban da ni.

A zagaye na biyu ɗan fosta ya samu zangon farko. Ni kuma sanyi ya sa hancina ya fara zuba. Na share. Na hango shi ya zaro ido, ya nuna ƙirjinsa da yatsa. Na ɗauka gaisuwa ce, na gyaɗa masa kai, na sake sharewa. Bawan Allah ya tattara shekarunsa 57 ya fita da gudu. Ƙwallo ta riga shi isa har mai tsaron ya samu lokacin gyara hula. Duk da haka ya yi zamiya yadda littafi ya ce, ya tsaya cak saura taku biyu, ya miƙa hannu aka taɓa shi. Ya dawo da jar ƙasa har gira, ya ce, "Koci, na gode da ka yarda da ni. Rabon da a ba ni alamar nan tun ina da gashi."

A zagaye na uku kunnuwana suka daskare, na murza su. Ɗan Japan ne ke riƙe da sanda, jifa biyu sun riga sun wuce shi, saura ɗaya ya fita, ga mutanenmu biyu a kan zango. Duk wanda ya san wasan ya san ba a dangwala a irin wannan hali, domin idan ƙwallon ta bi ta wajen layi an fita ke nan. Ya dube ni, ya ja numfashi, ya dangwala. Ta bi ta wajen layi. Da ya zo wucewa ya rusuna ya ce bai gane hikimar ba tukuna, amma zai yi tunani a kanta.

Ana haka ɗaya daga cikin ɗaliban ya riƙe cinya ya zauna. Muka koma takwas, doka kuma tara ta sani. Ina shirin in je in ba alƙalin wasa haƙuri, sai ma'aji ya buɗe jakarsa ya zaro takarda. Ashe tun Fabrairu ya yi mini rajistar ɗan wasa, don ko-ta-kwana. Aka tura ni can ƙuryar dama, inda ake ɓoye wanda ba a so ƙwallo ta gani. Na tsaya ina karanta duk addu'ar da na sani. Guda ɗaya ta taso. Na sheƙo gaba da gudu ina ihu a bar mini, ta wuce ta saman kaina ta sauka daidai inda na baro.

Da layin bugu ya zo kaina, na sa kwalkwali na tsaya. Jifar farko ban gan ta ba, ƙararta kawai na ji a safar mai cafka. Ta biyu ta same ni a haƙarƙari. Jiki magayi. Na yar da sanda na nufi yaron da ya jefa in tambaye shi ko a gidansu babu manya, sai na ji bencinmu ya kaure da tafi. Wai wanda aka jefa, kyauta ake ba shi zangon farko. Na tafi ina ɗingishi ina ɗaga musu hannu.

Mai tsaron zangon dattijo ne mai furfura, ya tambaye ni ko da ciwo. Mutum ya yi maka sannu, ai ba ka tsaya ƙerere da ƙafa a kan zango ka amsa ba. Na sauko, na fuskance shi, na ce da sauƙi. Na tambaye shi gajiya, na tambaye shi iyali, na tambaye shi ya sanyi. Yana amsawa yana kallon bayana. Na ji bencinmu na ihu, na ɗauka yabon bai ƙare ba. Sai na ga ya miƙo mini safarsa, na miƙa hannu biyu don girmamawa. Ƙwallo na ciki. Alƙali ya dunƙule hannu ya ce na fita.

Allah ya ji ƙan wanda ya ƙago dokar jinƙai. Wasan zagaye bakwai ne, amma idan tazara ta kai maki 10 bayan na biyar sai a tsayar. An tsayar da mu a 14 da 3. Na tara jama'ata a da'ira na yi musu jawabin rufewa mai ratsa jiki, na ce faɗuwar gaba ta baya ce ke ɗaukar darasi, kowa ya je gida ya huta. Babu wanda ya motsa. Likitan haƙora ya ce jawabi ya yi kyau, amma wasa biyu ake yi a rana, na biyun zai fara nan da rabin awa.

A na biyun ɗan Benezuwela ya karɓi alamu ba tare da ya yi magana shi kaɗai ba, ni kuma aka roƙe ni in cusa hannuwa a aljihun baya idan ina kan benci. Mun sha kashi 7 da 5. Kafin a watse aka fito da akwatin tara, inda mai latti da wanda ya kasa karanta alama ke jefa yuro. Aka yi muhawara ko akwai tara a kan kocin da ya ba da alama bai sani ba. Babu wannan a rubuce, don haka aka ɗaga hannuwa. Na biya na hanci biyu da na kunne ɗaya.

Hoton da uwargida ta yi gargaɗi a kansa kuwa, ita ce ta ɗauka ta tura wa ƙanwarta, daga nan ya shiga WhatsApp ɗin dangi. Bayan Sallah yayana ya kira daga Gusau.

"Ashe abin arziki ya samu shi ne ba ka faɗa ba? An ce ka zama koci a Bundesliga."

Na ce, "Yaya, ba ƙwallon ƙafa ba ce, kuma ba Bundesliga ba ce. Wani wasa ne na sanda, ko sisi ba a biyana, ni nake biya ma."

Ya ce ya san halina da ɓoye samu. Kafin dare bidiyo sun cika mini waya: 'ya'yan dangi, 'ya'yan maƙwabta, da ɗan limamin unguwa, kowa yana ɗaga ƙwallo da ka da gwiwa a ƙofar gida. Yaya ya ce nasa na biyun lamba tara yake bugawa, in taimaka in sa shi ko a benci ne. Na duba jerin sunayen wasan mako mai zuwa, mutum takwas, ɗalibin bai warke ba. Na ce, "Yaya, yaron nan yana da fasfo? Kuma idan an miƙa masa abu, da wane hannu yake karɓa?"